Shin 'yancin mutum a Amurka raguwa yake yi daga kaka zuwa jika?

Kawu na Bronx: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na sauka New York a 1988, na ja tasi shekara 26, kuma ina gaya muku Amurkar da na tarar ba ita ce jikokina suke tashi a cikinta ba. 'Yancin mutum raguwa yake yi, zuciyar mutanen ƙasar ma tana sanyi. Makon jiya 'yata ta hana ni aiken ɗanta mai shekara tara ya sayo burodi a shagon ƙarshen layi, shagon da nake hango ƙofarsa ta taga. Ba ɓarayi take tsoro ba. Tsoronta wani maƙwabci ya ga yaro shi kaɗai ya kira hukumar kula da yara. Lokacin da na zo, yara suna raba jarida da sassafe, suna kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gidajen mutane a ba su 'yan daloli. Yaron da ba a taɓa aikensa ba, yaushe zai koyi tsayawa da ƙafarsa?

Direban tirela, Ohio: Kawu, kun sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Tsofaffin direbobin da na tarar a sana'ar nan da biro suke cika littafin awanninsu. Tun Disambar 2017 doka ta tilasta a haɗa wa galibin manyan motoci na'ura a jikin inji, ita ke ƙirga komai: awa 11 na tuƙi cikin awa 14 na aiki, sannan hutun awa 10, ko kana so ko ba ka so. Watan jiya an riƙe ni awa huɗu a wurin sauke kaya. Lokacina ya ƙare saura mil 40 in isa gida. Idona biyu, jikina garau, amma a filin ajiye motoci na kwana, matata tana ta kira ko ta rufe abincin. Ga kuma kamara da kamfani ya kafa tana kallon fuskata, in na sunkuya ɗaukar ruwa sai ta yi ƙara. Na bar Katsina ne don in zama mai ikon kaina, yanzu ko hamma ana rubuta mini.

Nas a Maryland: Yaya direba, a sashen gaggawa nake aiki, na ga abin da tirela take yi wa ƙaramar mota idan direba ya gyangyaɗa. Wancan littafin na biro, kowa ya san ana cika shi da ƙarya. Wanda ke cikin ƙaramar motar shi ma yana da haƙƙin isa gida. A nan ba na tare da kai.

Amma maganar yara, Kawu na da gaskiya, a jiharmu ma aka yi ta. A 2015 a Silver Spring 'yan sanda suka ɗauke wasu yara biyu, mai shekara 10 da mai shekara 6, suna dawowa gida a ƙafa daga wurin wasa, aka riƙe su awanni, aka binciki iyayen da zargin sakaci. Sai da jihar Utah ta yi doka a 2018 ta ce barin yaro ya je makaranta ko wasa shi kaɗai ba sakaci ba ne. Ku duba fa, sai da majalisa ta zauna a kan abin da kowace kaka ta sani. A 1969 kusan rabin yaran Amurka a ƙafa ko a keke suke zuwa makaranta, zuwa 2009 sun koma kashi 13 cikin 100.

Malam mai koyar da tarihi: Kawu, da girmanku, ku ba ni dama in ja da ku sosai. Idan aka ce 'yanci ya ragu, tambayar farko ita ce na wa? Zamanin da Turawan Amurka suke begensa, na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mu duba wa ya sha daɗinsa. Tun ana cikin yaƙin ma, a 1942, gwamnati ta kwashe mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan, yawancinsu 'yan ƙasa, ta tsare su a sansanoni ba tare da shari'a ba. Baƙar fata a Kudu, har zuwa dokar 1964, ana iya korarsa daga gidan abinci saboda launinsa, ƙuri'arsa kuma sai da dokar 1965 ta tsaya mata. Har 1967 jihohi 16 suna haramta aure tsakanin baƙi da fari. A wannan shekarar aka ƙwace wa Muhammad Ali kambunsa na dambe don ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke masa. Har 1973 gwamnati tana iya ɗaukar ɗanka ta tura shi fagen daga ba da son ransa ba. Mace kuwa, kafin dokar 1974, banki yana iya hana ta bashi sai miji ya sa hannu.

Ku kanku, Kawu, ba don dokar shige da fice ta 1965 ta rushe tsarin da ya fifita 'yan arewacin Turai ba, da ƙofar da kuka shiga a kusan rufe take. Kuma a Bronx ɗinku, a Fabrairun 1999, 'yan sanda huɗu suka harba harsashi 41 a kan Amadou Diallo, ɗan Gini mai talla, a ƙofar gidansu, ba makami a hannunsa. Wannan duk cikin zamanin da kuke yabo ne. Yaron Bature yana yawo a keke, gaskiya ne. Amma ƙwaryar da ya sha a ciki an hana wasu sa baki.

Kawu na Bronx: Malam, ban musa ko ɗaya ba. Diallo kuwa ba labari aka ba ni ba, ina cikin waɗanda suka ajiye mota suka fita. An kama mutum fiye da dubu a zanga-zangar ƙofar hedikwatar 'yan sanda, manya da ƙanana, suna miƙa hannu da kansu a sa musu ankwa. Wannan ita ce zuciyar da nake faɗa. An zalunce mu, amma ba mu iya yin shiru ba.

Shirun daga baya ya zo. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001, ba a yi wata biyu ba aka sa hannu a dokar Patriot, wadda ta faɗaɗa ikon gwamnati na sa ido kan mutane. Sannan a 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya tona cewa 'yan sandan New York suna da sashen da ke bin masallatai da gidajen abinci da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi yana rubuta wa ya ce me. An rufe sashen a 2014, amma ɓarnar ta riga ta auku. Na ga yadda masallacinmu ya canza. Da, bayan Isha'i ana zama ana shan shayi ana gardamar siyasar duniya har dare. Daga baya da an sallame kowa ya lalubi takalminsa. Baƙo ya shigo, maimakon a ce masa sannu da zuwa, sai a bi shi da ido. A 2013 kuma Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka aiki, ya nuna cewa ba mu kaɗai ba ne, bayanan kiran wayar miliyoyin mutane ake tarawa. Abin da ya fi damuna, yaran da aka haifa bayan nan ba su ga wani abu a ciki ba. A haka suka buɗe ido.

Ɗalibi a Texas: Kawu, mun ga abu a ciki, magana ce dai muke taunawa. Tun 2019 takardar neman biza tana tambayar sunayen shafukanka na sada zumunta na shekara biyar. A Maris ɗin 2025 aka kama wata ɗaliba 'yar Turkiyya da ke karatu a jami'ar Tufts a kan titi, jami'an sun rufe fuskokinsu, bayan ta sa hannu a wani sharhi kan Gaza a jaridar makarantarsu. Daren da na ga bidiyon na zauna na goge duk abin da na taɓa rubutawa kan Falasɗinu tun ina Kano. Babu wanda ya ce in goge.

Malam mai koyar da tarihi: Ɗana, kada ka manta alƙali ya ba da umarnin a sake ta a watan Mayu. Ƙasashe nawa ne alƙali zai ce wa gwamnati a'a kuma a buɗe ƙofa?

Ɗalibi a Texas: Haka ne Malam. Amma sai da ta yi mako shida a tsare. Kuma abin da na goge bai dawo ba.

Gwaggo mai kitso, Harlem: Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma bari in sa baki. Kitso a hannun kakata na koya a zangon Kumasi ina 'yar shekara bakwai. Da na zo nan aka ce sai na yi awa 300 a makaranta kafin a ba ni lasisin taɓa gashin mutane. Ni da ba na amfani da sinadari, matsefi ne da yatsuna. Ɗiyata ta karanta mini cewa a shekarun 1950 ma'aikaci ɗaya cikin 20 ne yake buƙatar lasisi kafin ya yi sana'arsa, yanzu kusan ɗaya cikin huɗu. To a nan ina tare da Kawu, an yawaita shinge.

Amma a ce zuciya ta mutu, wallahi ban yarda ba. Kawu, ku zo titi na 125 da ƙarfe bakwai na safe a watan Janairu, sanyi yana yanka kunne, ku ga matan Senegal da Mali da Gini da namu sun fito neman masu kitso. Wadda ta fara da hayar kujera ɗaya, yau tana da shago da ma'aikata, ta gina wa uwarta gida. Adashi muke yi, ba banki. In wannan ba ita ce zuciyar da kuke nema ba, to wace ce? Tana nan, hannu kawai ta canza. Kuma a 2023 birnin Minneapolis ya amince a kira salla da lasifika sau biyar a rana, har asuba. A 1988 wa zai yi mafarkin haka?

'Yar auta, haihuwar Bronx: Na daɗe ina karantawa, ku gafarce ni iyayena, zan yi magana. Kullum ana ce mana ba mu da zuciya: ba ma barin gidan iyaye, ba ma ƙaura neman arziki, ko mota ba ma koya. Alƙaluman gaskiya ne. A 1983 kashi 46 cikin 100 na 'yan shekara 16 suna da lasisin tuƙi, yanzu kusan ɗaya cikin huɗu. A shekarun 1950 da 1960 mutum ɗaya cikin biyar yana sauya gida kowace shekara, yanzu ba a kai ɗaya cikin goma ba. Amma ku kalli ɗaya ɓangaren. Binciken masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka haifa a 1940 sun fi iyayensu samu, waɗanda aka haifa a shekarun 1980 kuwa rabi ne kawai. Bashin karatu a ƙasar nan ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi. Mai bashi a wuya ba ya ce wa maigidansa a'a, ba ya tattara kaya ya tafi wani gari gwada sa'a.

Kawu, ina aji ɗaya a firamare aka fara koya mana yadda za mu yi idan ɗan bindiga ya shigo makaranta. Malama ta kashe fitila, ta kulle ƙofa, mu ashirin da wani abu muka cure a lungu nesa da taga, ta ɗora yatsa a baki. Har yau ina tuna warin kafet ɗin. Kowace shekara sai an maimaita har na gama sakandare. Ba mu muka tsara wannan ba. Ba mu muka hana kanmu fita layi ba, ba mu muka sa wa kanmu waya mai nuna inda muke ba. Kuma da ɗan sanda ya kashe George Floyd, wani baƙar fata, a 2020, su wa suka cika tituna ana tsakiyar annoba? Sa'o'ina ne. An rene mu da tsoro, sannan a juyo a ce mana matsorata.

Direban tirela, Ohio: Ƙanwata, wannan ta same ni. Wayar ɗana tana nuna mini duk inda yake, ni na sa masa. Ina kukan kamarar kamfani, ban taɓa haɗa biyun ba.

Malam mai koyar da tarihi: Ni dai har yanzu ina kan bakana: da a ce a zaɓa wa jikan Kawu shekarar haihuwa tsakanin 1950 da yau, da launin fatarsa da sunansa na Musulmi, yau zan zaɓa ba tare da na tsaya tunani ba.

Kawu na Bronx: Malam, ni ma yau zan zaɓa masa, wannan na sallama muku. Amma ban janye cewa an ƙuntata ba, direba da ɗalibi da Gwaggo duk sun shaida.

'Yata auta, maganarki ta hana ni barci jiya. Uwar jikan nan nawa shekararta 11 a 2001. Kafin nan ita kaɗai take hawa bas zuwa Islamiyya. Bayan harin, da aka fara zagin mata masu hijabi a titi, ni na hana ta. Na riƙa ajiye tasi da rana tsaka, ina asarar kuɗi, in kai ta in ɗauko ta. Na ce na wata biyu ne har ƙura ta lafa. Shekara bakwai na yi ina yi. Da ta ce mini makon jiya “Baba, ba ka san abin da zai iya faruwa ba,” kalmomina ne ta mayar mini, ban gane su ba sai yanzu.

Asabar zan je gidanta in faɗa mata wannan da bakina. Sannan in roƙe ta ta bar ni in ba shi dala biyar ya sayo burodin. In ta ce sai mun tsaya a taga mu biyu, za mu tsaya.