Malam ya hango min kujerar kansila, in sayar da filin Tumfure?

Baban Ummi: Salamu alaikum. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda abin ya taɓa faruwa da shi ko da wani nasa na jiki nake so ya yi magana. Ni hatsi nake saye ina ajiyewa a Tudun Hatsi nan Gombe, ban taɓa siyasa ba in ban da kaɗa ƙuri'a. Sati uku da suka wuce Bappana ya ce malaminsa na wajen Dukku yana nemana. Ku lura, ban je duba ba, shi ya aiko. Da muka je ya ce sau uku yana ganina a mafarki ana rantsar da ni, ya yi istihara ta nuna ni ne kansilan mazaɓarmu a zaɓe mai zuwa. Ya faɗi sunan mahaifiyata, ya ce ina da tabon ƙuna a ƙafar hagu, alhali ko safa ban cire ba. Bappa ya rantse tun kafin zaɓen 2019 malamin ya ce Bala Mohammed Ƙaura zai kayar da gwamna mai ci a Bauchi, haka kuwa aka yi. Aikin dai dubu 350 ne kafin alƙalami, da farin rago mara ɗigo, da sauka bakwai. Sauran hidimar fom da daliget sai na sayar da fulotina na Tumfure, an taya miliyan uku da rabi. Uwargida ta ce sam. Akwai wanda aka taɓa yi wa irin wannan hangen ya tabbata?

Ustaz Bolari: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wanda ya je wajen mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in, hadisin yana cikin Muslim. Ka duba ƙarshen Suratu Luƙman, babu rai da ya san abin da zai aikata gobe. Ka tuba ka daina zuwa.

Baban Ummi: Malam, na ce ban je tambaya ba, kira na aka yi.

Ɗan Jekadafari: Hamma, tabon da ke ƙafarka, wa ya kai ka wajen mai magani ranar da ka ƙone? In Bappa ne, to ga aljanin malam nan ka samu.

Kawu Direba: Dubu 350 ya yi yawa. Ni lokacin da nake neman shugabancin tasharmu dubu 40 na bayar da zakara ja, kuma na ci.

Ɗan Jekadafari: Kawu, ku nawa kuka tsaya?

Kawu Direba: Ni kaɗai, ɗayan ya janye. Ai aikin kenan.

Maman Hanan: Baban Ummi, ka ce wanda abin ya faru da shi, to ga ni. A 2018 maigidana ya nemi takarar majalisar jiha. Shi ma ba shi ya je ba, abokinsa ne ya kawo malamin har falo. Ya ce ya ga maigidan da jar hula mutane na bin motarsa da gudu. Mutumin nan ya tare a ɗakin baƙinmu wata biyu cur, shi da almajirai huɗu. Ni ke dafa musu sau uku a rana, kuma malam ba ya cin abincin da ba nama. Ni ke wanke alluna in tace rubutun da ƙyalle in zuba a jarka, maigida ya sha da asuba ya shafa a fuska. Har yau silin ɗakin baƙi ƙirin yake da hayaƙin turare, na hana a yi masa fenti don ya riƙa gani. Da kuɗi suka ƙare ya zo min da daddare ya ce Adda, don haka yake kirana in yana son abu, ki ba ni aron shanunki biyu, in na ci zan mayar miki da goma. Shanun gadon mahaifina ne suna Kumo wajen ƙanina. Na bayar. Aka binne layu a kusurwa huɗu na gidan, aka yanka baƙin bunsuru da tsakar dare. Ana gobe zaɓen fidda gwani aka kwashe daliget aka kai su wani masauki aka karɓe wayoyinsu. Maigidana ƙuri'a huɗu ya samu. Huɗu! Direbansa ma ya fi su yawan 'ya'ya.

Goggon Yara: Innalillahi. Sannu Adda.

Maman Hanan: Ba ki ji komai ba. Da aka tambayi malam sai ya ce aikin ya ci, wata mace ce a gidan ta taɓa allo ba ta da tsarki ta karya shi. Mace nawa ce a gidan? Ni kaɗai. Wata biyar na yi a gidanmu, da yaro a baya. Sai daga baya aka gano mutumin yana fita da yamma wai zai je halwa, ashe gidan abokin takarar yake zuwa, shi ma ya ga masa jar hular. Dole ɗaya ya ci mana. Yanzu ina ji yana can yana ba da labarin yadda ya hango wancan tun ba a buga fosta ba. Maigida ya zo biko da kawunsa, na dawo saboda yara. Shanu kuwa ko wutsiya.

Almajirin Shehu: Allah ya mayar da alheri Hajiya, amma kada a yi wa malamai kuɗin goro. Mafarki na gari kashi ɗaya ne cikin 46 na annabci, shi ma hadisi ne. Akwai bayin Allah da ake nuna wa abu. Kakana a Nafada ya faɗi ranar da zai rasu.

Ustaz Bolari: Nawa kakanka ya karɓa kafin alƙalami? Istihara raka'a biyu ce da addu'a, mai buƙata shi ke yi da kansa, ba a ba da kwangilarta.

Almajirin Shehu: Ku dama 'yan Izala tun 1978 da aka kafa ku a Jos ba ku bar kowa ya sha ruwa ba. Kuma lokacin zaɓe ai muna ganin su wa ke hawa mumbari suna cewa wane ne zaɓin Allah. Wannan ba hange ba ne?

Ustaz Bolari: Shawara daban, da'awar gaibu daban.

Goggon Yara: Ku biyun nan an ce wanda abin ya faru da shi. Cikinku wa ya taɓa sayar da ko akuya? Ku bar Adda ta yi magana, ita ta ga uwar bari.

Yakubu na Billiri: Mu ma a coci muna da namu, kowane ƙarshen Disamba sai an jero annabce-annabcen sabuwar shekara, jaridu su kwasa. A 2016 marigayi T.B. Joshua ya ce ya ga mace ta ci zaɓen Amurka, sai ga Trump. Fada Mbaka na Enugu ya goyi bayan Buhari daren shiga 2015, Buhari ya ci, aka yi ta cewa ya gani. A 2021 shi ɗin dai ya fito yana cewa Buhari ya sauka. Wanda ya faɗi abu hamsin, biyu suka faru, biyun za a yi ta yawo da su a WhatsApp. Ka tambayi Bappanka abin da malamin ya ce game da zaɓen Gombe a shekarar, me ya sa na Bauchi kawai ake tunawa.

Ɗan Jekadafari: Ni ma na hango Gombe za ta yi zafi a watan Maris. Ku turo rago.

Dattijon Pantami: Yara kuna wasa. Ni ina saurayi a Afrilun 1985 lokacin rikicin 'yan Tatsine a unguwar nan, shekara huɗu da 'yan watanni bayan an kashe shugabansu Marwa a Kano. Kwana muka yi a ƙarƙashin gado da ƙannena muna jin harbi. Mutanen nan ba da bindiga suka fara ba, da "an nuna wa malam" suka fara. Tun daga ranar duk wanda ya ce min an nuna masa, sai in nemi takalmina.

Mai Fulawa: Wai miliyan uku da rabi a Tumfure? An cuce ka. Maƙwabcina ya sayar da nasa shida bara.

Kawu Direba: Shida a ina? Wanda ke bakin kwari ko biyu ba a saye. Damina biyu ruwa ya cinye rabin na wani yaron motata.

Mai Fulawa: Rago fari mara ɗigo kuma ka tanadi dubu 200 a Tike.

Goggon Yara: Dubu 120 na saya na suna wata uku da suka wuce.

Mai Fulawa: Naki tunkiya ce aka ɗaura wa ƙaho.

Tsohon Sakatare: Duk kun bar tambayar da ta fi muhimmanci. Baban Ummi, a wace jam'iyya malam ya gan ka? A zaɓen Afrilun 2024 APC ce ta ɗauke ƙananan hukumomi 11 da kansiloli 114 na jihar nan gaba ɗaya. Watanni kaɗan bayan nan PDP ta ɗauke shugabanni 20 na Bauchi. Ka ga kujerar tana wajen wanda ke rubuta sunaye ranar maslaha. Na yi sakataren mazaɓa shekara takwas, ban taɓa ganin an tambayi ɗan takara mafarkin wa ya zo da shi ba, ana tambaya yaron wa ne. Kai yaron wa ne?

Baban Ummi: Bai faɗi jam'iyya ba gaskiya. Ya ce duk inda na shiga.

Ɗan Jekadafari: To shiga jam'iyyar da ba ta da ko ofis mu ga ƙarfin aikin.

Mai Buga Fosta: Abin da ke ƙona min rai, malam ana biyan sa lakadan tun kafin ya jiƙa tawada. Mu kuwa da muke buga fuskokinku sai "bayan rantsuwa". Tun 2023 ina bin wani ɗan takara dubu 480, fosta dubu biyar da bana shida. Ya faɗi, ya kashe waya. Ragowar fostocin matata ke shimfiɗawa a kanta tana jera kwanuka, kullum sai na ci tuwo yana min murmushi.

Maman Hanan: Wallahi mu ma har yau mai kanofi yana gaishe ni da harara.

Kawu Direba: Ba ku ga direbobi ba. Motoci tara muka kai kamfen Bajoga, aka ce mu zuba mai da kuɗinmu.

Mai Buga Fosta: Ya kamata mu haɗa kai, ba rabin kuɗi ba aiki. Amma sai wani ya zagaya ya karɓa bashi don a ce shi ne na honarabul.

Baban Ummi: Jama'a an bar maganata. Bappa ya kira yanzu, wai malam ya ce in ba a yanka ragon kafin Juma'a ba tauraron zai koma kan wani, kuma akwai wanda ya riga ya je da kuɗinsa a hannu.

Maman Hanan: Ka tambaye shi ko mai jar hula ne.

Mai Fulawa: Hamma, fulotin ta wane ɓangare yake, kafin kwari ko bayansa? Akwai takarda? In akwai zan ba da uku da dubu ɗari bakwai, ka biyo ni ta akwati.