Gardama kan motsin ruwa a tankin kifin ado

Alhaji Sani (Agege): Salamu alaikum jama'a. Maganar da na yi jiya a shago har yanzu ina kanta: ruwan tanki gwargwadon motsinsa, gwargwadon lafiyar kifi. Duk wanda ya zo sayen tanki, babban famfo nake ba shi shawara ya ɗauka. A wannan zafin na Legas, ka bar ruwa ya kwanta, da safe gawar kifi za ka kwashe.

Maman Ilham (Idi-Araba): Wa alaikumus salam. Alhaji, da girmamawa, ban yarda ba. Tankin yarana lita 20 ne, ƙaramin kifin adon nan da ake kira betta guda ɗaya ne a ciki, ja mai doguwar jela. Filtar da aka haɗo min da ita, wato na'urar tace ruwan tanki, an rubuta a jikin kwalinta tana tura lita 600 a awa. Da aka kunna, kifin nan ya koma bayan dutse ya maƙale, in ya fito ruwa ya kwashe shi ya manna da gilashi. Abinci ma kafin ya kai baki ruwa ya tafi da shi, gefen jelarsa duk ya yage. Sai da na canza zuwa filtar soso ya dawo yana yawo, har ya tara kumfarsa a kusurwa.

Alhaji Sani: Hajiya, wannan ai rashin sabo ne. Da kin ƙara masa haƙuri da ya saba.

Malam Bashir (Obalende): Alhaji, ba zai saba ba, halittarsa ce haka. Asalin betta daga Tailan yake, a fadamun shinkafa da kududdufai inda ruwa kusan a tsaye yake. Yana da wata gaɓa a kansa da ke ba shi damar shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi ya sa kuke ganin yana tasowa yana buɗe baki. Namijin kuma gidan kumfa yake ginawa don ƙwai, igiyar ruwa na tarwatsa shi. Lissafin Hajiya ma kaɗai ya isa: 600 a kan 20, ruwan gaba ɗaya yana zagayawa sau 30 a awa guda. Masu kiwon kifin ruwan daɗi galibi sau 4 zuwa 6 suke nema, kifi irin wannan ƙasa da haka ma ya fi masa.

Yusufu Mai Tarwada (Ikorodu): Ni dai ina bayan Alhaji. A kwamina in ruwa ya daɗe ba a canza ba, wari yake, kifi ya taso sama yana haki. Ruwa mai gudu bai taɓa kashe min kifi ba.

Malam Bashir: Yusufu, abin da ya taso da kifinka ƙazantar ruwa ce da ƙarancin oksijin, kuma a nan ne nake ganin gardamar ta cakuɗe. Abu biyu ake haɗawa wuri ɗaya: motsin saman ruwa, da ƙarfin igiya a cikin ruwa. Oksijin ta saman ruwa yake shiga, inda ruwa ya haɗu da iska. In saman yana ɗan rawa, ruwan ƙasa yana tasowa ya ɗauki rabonsa ya koma, buƙata ta biya. Ko kumfar da famfon iska ke fitarwa, yawancin amfaninta shi ne tana ɗago ruwan ƙasa tana karya saman, abin da ke narkewa daga cikin kumfar kanta kaɗan ne a tanki mara zurfi. Za ka iya samun saman ruwa mai motsi sosai alhali can ƙasa kifi na iyo cikin natsuwa. Ka juya bakin filta ya kalli sama ko gilashi, shi ke nan.

Alhaji Sani: To Malam ai ka dawo kan maganata. Motsi dai motsi ne.

Malam Bashir: Rabinta na ɗauka, Alhaji. Inda kake da gaskiya shi ne zafi. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe oksijin kusan miligiram 9 a kowace lita, in ya kai digiri 30 sai ya sauka kusan 7.5, alhali a zafin ne jikin kifi ya fi buƙatarsa. A watan Fabrairu da Maris ɗaki mai rufin kwano a Agege zai kai ruwa wannan matakin cikin sauƙi. Don haka a garin nan barin saman ruwa a kwance ganganci ne, musamman ga mai golfish, kifin adon nan mai launin zinare, da yawa a ƙaramin tanki, don suna da ci suna da kashi. Inda na rabu da kai shi ne sayar wa kowa babban famfo ba tare da tambayar wane kifi zai zuba ba.

Nura (Alaba Rago): Yaya Bashir, ni tambaya gare ni. Nawa tankin akwai tsirrai na gaske a ciki. An ce min tsiro na ba da oksijin, ba na buƙatar famfo sam. Gaskiya ne?

Malam Bashir: Da rana gaskiya ne, ƙanena, in akwai haske. Da dare tsiron ma oksijin yake sha kamar kifin, shi ya sa dab da asuba ne ruwa ya fi ƙaranci. Ka leƙa tankinka bayan sallar asuba. In ka ga kifi sun jeru a sama suna buɗe baki, ka sa famfon iska da dare.

Maman Ilham: Kuma Alhaji, ko kifayenmu na nan gida ba ɗabi'arsu ɗaya ba. Kifin malam-buɗe-littafi da ake kamowa a kudancin ƙasar nan, a saman ruwa mai kwanciya yake lafewa yana jiran ƙwari. Ka sa masa guguwa a sama, ina zai zauna?

Yusufu Mai Tarwada: Wannan gaskiya ne Hajiya. Tarwada ma tana shaƙar iska, shi ya sa take isa kasuwa da rai a cikin baho. Amma karfasa fa? Ka rufe ta a ruwan da ba ya motsi ka gani.

Alhaji Sani: Madalla Yusufu. Kuma ku duka kun manta da NEPA. Mai babban famfo kafin a ɗauke wuta ruwansa ya cika da iska, zai fi jurewa.

Malam Bashir: Ruwa ba ya ajiyar oksijin fiye da ƙimarsa, Alhaji. In ya ƙoshi ya ƙoshi, ko injin jirgi ka sa masa. Da wuta ta ɗauke, mai babban famfo da mai ƙarami daga wuri ɗaya suke farawa, abin da zai bambanta su shi ne yawan kifi da faɗin saman tankin. Akwai kuma abin da ya fi damuna: bakteriyar da ke cikin soson filta, masu mayar da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta zama abin da ba ya kisa nan take, su ma da oksijin suke rayuwa. Filta ta daɗe a kashe, suna raguwa, wuta ta dawo ta watso gurɓataccen ruwan cikinta cikin tanki. Kuɗin babban famfo gara a raba shi a sayi ƙaramin famfon iska mai aiki da batir ko fawa banki.

Nura: Ni in ba wuta kofi nake sawa in ɗebi ruwan in zubo shi daga sama, lokaci lokaci.

Malam Bashir: Yana taimakawa ƙwarai. Ka kuma dakatar da ba su abinci har wuta ta dawo.

Alhaji Sani: Famfon batir na yarda, akwai shi ma a shago. Amma maganar rage ƙarfi, mai golfish goma a lita 60 ya zo min, babba zan ba shi, ko me za ku ce.

Maman Ilham: Wannan kuma tanki babba yake buƙata, Alhaji, ko ya rage kifin. Golfish masu kumburarren ciki da jela biyu su ma ba gwanayen iyo ba ne, ka ƙara musu igiya ka ƙara musu wahala a kan cunkoso.

Alhaji Sani: Hajiya ki turo min hoton filtar soson taki da yadda kika ɗora ta, in ga girmanta. Ranar Asabar zan haɗa tanki biyu a shago, ɗaya da ita ɗaya da tawa, kifi iri ɗaya adadi ɗaya, duk mai gardama ya zo Agege ya duba.