Murya ko rubutu: wanne ke kai ra'ayi ga mai shi?

Maganar da aka jefo zaure: "Mai son ra'ayinsa ya isa ga Katsinawa ya bar rubutu, ya koma saƙon murya."

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Ina bayan wannan magana. A ce kan tsadar taki za ka yi magana, manoman Mai'adua da Sandamu kake nufi. Akwai wanda ajami ya iya, akwai wanda sai ɗansa ya karanta masa boko. Muryar minti biyu kuwa ko a bakin gona ya ji ta, da Hausar da ya saba.

Malama daga Daura: Yaya, wa zai gyara abin da kake kuka a kai? In shugaban ƙaramar hukuma ne ko ɗan majalisa, hoton rubutu ake tura masa. Murya ba a ɗaukar hotonta, ba a neman kalma a cikinta, ba a ciro jimla guda a kafa hujja da ita.

Tsohon ɗan jarida: Ku biyun duk sai kun bi ta takarda. Mai danna wayar ya hau magana da ka, gaisuwa kaɗai za ta ci masa rabin minti, ya maimaita kansa, ya manta hujjar da ta fi ƙarfi. A fara rubutawa. Jimlar farko ta faɗi matsayinka ƙarara, domin Facebook yana yanke dogon rubutu bayan 'yan layuka, wanda bai ga inda ka dosa ba wucewa zai yi. Sai hujja biyu ko uku, kowace da wuri da lokaci: wace kasuwa, wace rana, buhu nawa ne. A rufe da abin da ake so a yi da wanda zai yi shi. Sakin layi kada ya wuce layi huɗu a fuskar waya. Suna da kwanan wata su shiga cikin rubutun, saboda in aka kwafe shi zuwa WhatsApp babu abin da ke binsa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Ranka ya daɗe, na karɓi wannan. Amma wajen yaɗuwa murya ce gaba.

Malama daga Daura: Murya da rubutu dokarsu ɗaya a WhatsApp: ana tura saƙo wuri biyar a tashi guda, wanda ya sha turawa kuma wuri ɗaya tak. Bambancin yana wajen kuskure. Rubutu ana iya gyara shi cikin minti 15 a WhatsApp, a Facebook kuma ko yaushe, tarihin gyaran na nan. In ka faɗi farashi ba daidai ba da bakinka, sai dai ka goge, waɗanda suka riga suka tura kuwa sun tafi da shi.

Tsohon ɗan jarida: Shi ma rubutun da nasa rami. Bar ƙugiyar harafi guda, "gwamnati ta ƙasa" ta zama "gwamnati ta kasa". Sannan Dokar Laifukan Intanet ta 2015, sashe na 24 kan saƙonnin da ake aikawa, wanda aka yi wa gyara a 2024, ba ta ware murya daga rubutu ba. Zargin da ba ka da shaidarsa, kada ya shiga ko ɗaya.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: To ni dai ga manomi, a rubuta ɗin, amma a karanta masa da murya.