Gilashin kyamara na hannu mai zuƙo nesa: wanne ya fi?

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman gilashin kyamara mai zuƙo nesa, na hannu, don ƙarfina bai kai na sabo ba. 18-55 ɗin da ya zo da kyamarar (lambobin milimita ne, gwargwadon girman lamba gwargwadon zuƙo nesa) ya gaza mini, in na tsaya a bakin fili da kyar ake gane fuskar ɗan wasa. Tsuntsaye nake son ɗauka, sai wasan ƙwallon ƙannena. Wanne za ku ba ni shawara?

Nura: Wa alaikumussalam. 55-250 STM. Ki rufe ido ki saya.

Malam Habu: Nura, ka tambaye ta kyamarar da ke hannunta tukuna mana.

Sadiya: Nikon D3200 ce, Malam.

Nura: Af, to na janye, wancan na Canon ne. Allah ya ba ki haƙurin zama da Nikon.

Usaini: Ka fara ke nan. Sadiya, nemi AF-P DX 70-300 na Nikon mai VR, wato abin hana rawar hannu. Ba shi da nauyi, ba ya ƙara, fokas ɗinsa nan take. Shi nake amfani da shi a D5600.

Malam Habu: A'a Usaini, kar ka sa ta yi asara. AF-P ba ya aiki da D3200. Zai ɗauru a jikin kyamarar lafiya lau, amma ba zai yi fokas ba, ko da hannu kika juya zoben ba zai motsa ba, domin shi ma zoben da lantarki yake aiki. Haka D3100 da D5100 da D90 da D7000. Daga D3300 ne ya fara karɓa, ita ma sai an sabunta mata manhaja. Sannan akwai tarko na biyu a ɗaya ɓangaren: tsofaffin da aka rubuta AF kawai ko AF-D, kamar 70-300 G ɗin nan mara VR da ake sayarwa da araha. Su ba su da inji a cikinsu, kyamara ce ke juya su, kuma D3200 ba ta da wannan injin. Ke dai 'yata, ki nemi rubutu biyu a jikin gilashin: AF-S, wato mai injin fokas a cikinsa da kyamararki ke karɓa, da VR. In babu su, ki ajiye.

Usaini: Gaskiyar Malam ne. To 55-300 AF-S VR.

Hajara: Ina da shi. A tsuntsun da ke zaune a reshe ba ni da ƙorafi, amma fokas ɗinsa yana da nawa. A ƙwallo kafin ya kama, yaro ya bar wurin.

Baba Iliya: Kuna ta lissafa suna da lamba, ba wanda ya yi maganar lafiyar gilashin, alhali a kayan hannu nan ne ake cutar mutane. Ni an yi mini. Wani ya sa talla da hotuna masu kyau, ya rubuta wai kamar sabo, gilashin gaba yana ta sheƙi. Da na tambaye shi ko akwai matsala a ciki ya rantse babu. Da kaya ya iso, in na ɗauki hoto a inuwa ba laifi, amma da zarar haske ya fito ta gaba sai hoton ya yi fari-fari, baƙi ya koma toka-toka, launi duk ya mutu. Na kai wa mai gyara. Ya cire murfin gaba da na baya, ya haska tocila ta baya ya ce in leƙa ta gaba. Can a gilashin tsakiya ga wasu zarurruka farare sun bazu daga gefe kamar saƙar gizo-gizo. Funfuna ce. An ajiye shi a wuri mai laima cikin jaka a rufe, ta yi girma a ciki. Ya kwance ya wanke, amma ta riga ta cinye shafen da ke kan gilashin, tabon ya zauna. Mai kayan kuwa ya daina ɗaga waya.

Saboda haka, Sadiya, kar ki biya sai kin riƙe shi a hannu, kuma ki tafi da kyamararki, ba tasu ba. Fitilar wayarki ta isa. A bayan gilashin Nikon irin waɗannan akwai wani ɗan ƙarfe a gefen bakin, ki tura shi da yatsa ƙofar hasken ta buɗe gaba ɗaya, sannan ki haska ki leƙa, ki ɗan karkata shi hagu da dama. In kin saki ƙarfen, ganyayyakin ƙofar su rufe nan take. In suna jan jiki ko kin ga maiƙo a kansu, ki bar shi. 'Yar ƙura za ki gani a ciki, wannan ko wane gilashi mai zuƙowa yana da ita kuma ba ta fitowa a hoto. Zare-zare da hazo su ne abin gudu. Ƙarzuwa ma, ta baya ta fi ta gaba illa nesa ba kusa ba.

Hajara: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Baba.

Nura: Amin. Wannan ba ciniki ba ne, zalunci ne.

Baba Iliya: Na manta VR. Ki zuƙo zuwa ƙarshe, ki sa ido, ki ɗan danna maɓalli rabi. Za ki ji ɗan motsi a ciki, hoton da ke rawa ya natsu. In ya ci gaba da tsalle ko yana ƙara mai ƙarfi, ya kusa mutuwa, gyaransa kuma ba ya biya.

Auwal: Don Allah in ɗan shigo. Ina ganin tallan wani 420-800mm a intanet, arha sosai, sabo ma. Wannan bai fi duk waɗannan 300 ɗin ba?

Usaini: Bututu ne kawai da gilashi a baki.

Malam Habu: Auwal, lambar ce ke jan mutane. Duba abin da aka rubuta bayanta: f/8.3 zuwa f/16, lambar ƙofar haske ke nan, gwargwadon girmanta gwargwadon ƙanƙantar ƙofar. Haske kaɗan ne ke shiga, babu fokas na kansa, babu abin hana rawar hannu. Sai ka ɗora shi a kan ƙafa uku, da rana tsaka, abin da kake ɗauka kuma ya tsaya cak. Wata zai ɗauku. Tsuntsu ba zai jira ka ba. Hoton 300 mai kyau in ka yanke shi a kwamfuta sau da yawa ya fi na wancan fitowa.

Auwal: To abin nan da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi ya ninka nisa biyu fa?

Malam Habu: Yana cinye haske mataki biyu. f/5.6 ya koma f/11, ƙananan kyamarorin nan kuma ba sa iya fokas a haka.

Nura: Shi ya sa nake cewa ku dawo Canon. 70-200 f/4L na 1999 har yau yana aiki, kuma na hannu ba ya tsada kamar da.

Usaini: Canon ɗin da ta yi 75-300 III? Wanda ke sa wa kowane reshe bakin shunayya?

Nura: Kowane gida da nasa. Ai ban ce a sayi wannan ba.

Hajara: Shi 70-200 ɗin ma na 1999 ba shi da IS, wato VR ɗin Canon, Nura, ka faɗi gaskiya duka. Kuma 200 ya yi gajere wa tsuntsu.

Nura: Ga kaifi dai.

Jamilu: Ba wanda ya ambaci Tamron. SP 70-300 mai VC USD, na 2010, VC shi ne VR ɗinsu, USD kuma sunan injin fokas. Yana da injinsa a ciki, zai yi aiki da D3200. VC ɗinsa in ya kama hoto sai ka ji kamar an daskarar da shi. Sai dai akwai wani Tamron 70-300 ɗin daban, mai rubutun LD Macro, ba shi da VC, ya fi araha, masu sayarwa kan rubuta "Tamron 70-300" kawai su yi shiru. Ki ce a turo miki hoton rubutun da ke jikinsa.

Hajara: Nauyi fa? Ya haura giram 700. 55-300 bai kai 600 ba, kuma bambancin yana fitowa a wuya in an yini.

Jamilu: Hajiya, ai na Nikon ɗin ma, AF-S 70-300 VR, nauyinsu kusan ɗaya. Duk wanda ke son fokas mai sauri sai ya ɗauki nauyi.

Malam Habu: Abu guda da za ki riƙe game da ƙwallo: VR rawar hannunki yake gyarawa, ba ya tsayar da mai gudu. A kyamararki 300 tana zama kwatankwacin 450 a manyan kyamarori, don ana ninkawa da 1.5, saboda haka ko abu a tsaye yake, ba tare da VR ba sai kin sa saurin ɗauka wajen 1/500 na daƙiƙa. Yaro a guje kuwa 1/1000. Duk waɗannan gilasan da za su yi miki aiki f/5.6 ne a ƙarshensu, da yamma in rana ta yi sanyi dole ki ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara, hoto ya yi ɗan tsaki-tsaki. Ki sani tun yanzu, kar ki zaci gilashin ne ya lalace.

Auwal: Baba, ita funfunar tana iya kama sauran kaya in an haɗa su jaka ɗaya?

Baba Iliya: Ni dai ban haɗa ba. Amma laima da duhu ne abincinta. Kar ka bar kaya a jaka wata da watanni, ka sa su a roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na lantarki, ka riƙa fito da su suna shan haske.

Usaini: 'Yan ƙullin suna ƙoshi fa, sai an riƙa busar da su ko a canja.

Sadiya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na sami biyu: 55-300 da Tamron, mai Tamron ɗin ya turo hoto, akwai VC USD a jiki. Sai dai ya ce in an kifa shi ƙasa zum ɗin yana zamewa da kansa. Wannan matsala ce?

Jamilu: Ba ta taɓa hoto. Ki nemi ragi a kanta.

Baba Iliya: Ya yarda ki gwada a kyamararki kafin ki biya?

Sadiya: Ban tambaya ba tukuna, Baba. Yanzu zan kira shi.