Zobban wuyan keke: dole ne, ko za a iya cire su?

Sabon Mahayi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi keke na hannu, irin wanda bututun fok ɗinsa (fok shi ne ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, bututunsa ya bi ta wuyan keke ya fito sama) ba shi da zare. Na tarar an jera zobba huɗu a ƙarƙashin mariƙin sitiyari, wato guntun da ke haɗa sitiyari da bututun, ɗaya kuma a sama. Ba su yi mini kyau a ido ba. In cire su, ko akwai aikin da suke yi? Wanda ya taɓa gwadawa ya ba mu labari.

Dogo: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na riga ka gwadawa. Na zare biyu, na ɗaure murfin sama tamau. Ina matsa birkin gaba a gangara sai na ji ƙwas-ƙwas daga wuya. Ashe murfin a kan bakin bututu ya zauna, bai danna komai ba. Shi murfin nan mariƙi yake dannawa, mariƙi ya danna zobba, zobba su danna boris. In bututun ya yi kai ɗaya da mariƙi ko ya zarce, ko ka ɗaure har ƙusar ta karye, boris na nan sakwa-sakwa. Mako biyu na yi ina hawa a haka, boris ɗin ƙasa ya tashi aiki.

Baba Mai Gyara: Yaro, Dogo ya faɗi gaskiya. Kekunan da muka taso da su bututunsu mai zare ne, noti ke riƙe boris, in kana son ɗaga sitiyari sai ka kwance ƙusa ɗaya ka jawo shi sama. Wannan marar zaren a farkon shekarun 1990 ya shigo, da sunan Aheadset, kuma a cikinsa zobba su ne tsanin hawa da sauka. Abin da ya zama dole shi ne tazara: bakin bututu ya kasance ƙasa da bakin mariƙi, ko na zoben sama, da milimita 2 zuwa 3. Kullum ana kawo mini keken da aka ɗaure ƙusoshin gefen mariƙi tun kafin murfi, abin yana ba ni takaici. Fara sassauta na gefe, ka ɗaure murfi a hankali har motsin ya ɓace, ka daidaita sitiyari da taya, sannan ka ɗaure na gefe. Daga nan ka riƙe birkin gaba, ka ɗora yatsa a wuyan, ka jijjiga keken gaba da baya. In zobe za ka saya, yawancin bututu milimita 28.6 ne faɗinsa.

Ɗan Tsere: Nawa ba ko ɗaya a ƙasa. Na sa an yanke bututun daidai, shekara uku ke nan lafiya lau. Amma yanzu da kafaɗa ta fara damuna, ba halin ɗagawa sai na canza mariƙi.

Maman Biyu: Malam, kada ka yi saurin yankewa. Ni ciwon wuya da sanyin yatsu suka addabe ni a doguwar tafiya. Zobe ɗaya mai milimita 10 na ɗauko daga sama na mayar ƙasa, sai ga shi ina awa biyu a kan sirdi ba tare da na tsaya yarfe hannu ba.

Mai Kabon: In fok ɗinka na kabon ne, wato abin nan marar nauyi da ake amfani da shi maimakon ƙarfe, ka bar zobe mai milimita 5 a saman mariƙi don kada ƙusa ta matse bakin bututun ya tsage. Kada kuma ka tara da yawa a ƙasa. Kamfanoni da dama ba sa yarda a wuce milimita 30 ko 40, sai ka duba takardar naka.

Sabon Mahayi: Na gode ƙwarai, Baba, na gode 'yan'uwa. Ban cire ko ɗaya ba. Biyu na mayar sama, na ɗaure yadda kuka ce, na jijjiga ban ji motsi ba. Zan hau shi haka wata guda in ji yadda bayana zai karɓa kafin in yi maganar zarto.