Wai riƙe wa yaro sandar fatsa shi ma kamun kifi ne a doka?

Baban_Sadiq:
Salam jama'a, dan Allah masu sani ku warware min wannan abu don har yanzu raina a ɓace yake. Jiya na kai yarona bakin ruwa, shekararsa 9, shi ke son fatsa ni ko sha'awarta bana yi. Ya kasa jefa ƙugiyar tana ta maƙalewa a ciyawa, sai na karɓi sandar na jefa mishi, na ɗan riƙe kafin ya gama ɗaure takalminsa, kawai sai ga jami'i wai ina lasisina. Nace ai na yaro ne kuma ko kifi ɗaya bamu kama ba, bokitin ma wayam ruwa ne kawai a ciki, yace shi dai a hannuna ya ga sanda. A Ingila muke. To wai mutum bai kama komai ba ya za'a ce yayi kamun kifi?

Masunci77:
Wa'alaikassalam Baban Sadiq. Gaskiya jami'in bai zalunce ka ba, sai dai kayi haƙuri. A Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisin sanda zai yi fatsa a kogi ko tafki, ƴan ƙasa da 13 ba ruwansu, ƴan 13 zuwa 16 nasu kyauta ne amma duk da haka sai an yi musu rajista. Matsalar ita ce sauƙin da aka yi wa yaron nashi ne shi kaɗai, da zarar sandar ta dawo hannunka ƙugiya na cikin ruwa to kai ne mai fatsar, ba wanda zai tsaya duba bokiti. Kuma tarar tana iya kaiwa fam 2,500 in abin ya je kotu, shiyasa nake ce wa iyaye su yanki ko na kwana 1 ne tunda akwai shi.

Ummu_Hanan:
Ni abin da ya ɗaure min kai kenan da farko, ashe ƙoƙarin kamawar ma doka ta haɗa da shi. A Kaliforniya ta Amurka kalmar da dokarsu ke amfani da ita wajen nufin kamun kifi ta ƙunshi bin kifi da kama shi da kashe shi har da yunƙurin yin hakan, kuma daga shekara 16 ake fara neman lasisi. Ko ka kama ka cire ƙugiya ka maida shi ruwa duk ɗaya ne. Amma in kan gadar kamun kifi ta gwamnati ce a bakin teku ba'a buƙata, kuma suna ware kwana 2 a shekara kowa yayi kyauta.

Baban_Sadiq:
To Hajiya kenan ko tana ma bazan soka mishi a ƙugiya ba? Yaron fa tsoronta yake, tana motsi yake yar da ita.

Masunci77:
Yallaɓai ni a ganina soka tana da warware zare in ya cukurkuɗe taimako ne, ƙugiya bata cikin ruwa ai. Jefawa da riƙewa da jawo kifi su ne inda ake kama mutane. Kuma kar ka ga kamar takura ce kawai, kuɗin lasisin nan da shi ake zuba ƴaƴan kifi da gyaran koguna, ni na ga ruwan da aka bari kowa na su yadda ya ga dama, cikin ƴan shekaru sai ka wuni ko ɗan tsito baka gani ba. Ka gode Allah ma ba Jamus kake ba, can a yawancin jihohi sai ka zauna jarabawa kafin su baka takarda. Sannan ka kula, daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kamun yawancin kifin kogi a Ingila, ko da lasisin a aljihunka, kuma wannan har Sadiq ɗin ya shafa.