Shawarwari kan fim ɗin komawa gida Bauchi

Wani ƙanenmu na shirin fim kan abokai uku da suka taso a Bauchi, ɗayansu ya yi shekara ashirin a Legas sannan ya dawo. Mun zauna da shi bayan la'asar, ga abin da aka fi nanatawa.

Maganar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce ta zamani. Tunda yarintar tasu a 1995 take, kada a ga wayar salula a hannun kowa, domin sai 2001 layin GSM ya shigo. Naira hamsin ce babbar takardar kuɗi a lokacin, ta ɗari sai 1999. Gombe ma tana cikin jihar Bauchi, sai 1996 aka cire ta. Wani dattijo ya ce: "Ɗana, mai kallo zai yafe maka rashin kyan hoto, amma ba zai yafe maka keke Napep a Wunti a waɗancan shekarun ba." Ni ma nan na fi karkata.

An ce ya rage dogara da Yankari da ruwan Wikki, kowa ya gan su a kalanda. Gara ya nuna mai masa tana juya tanda da sassafe, kitso a zaure, yara na langa a lungu, da mai dawowar yana laluben gidansu ya tarar an mai da shi shaguna.

Kan waƙa kuwa an rabu biyu: matasa na so, manya suka ce za ta kashe kewar. Ya ce zai sa guda ɗaya, ranar bikin ɗaya daga cikin abokan.